Labarin 'yan sanda a Garwa: wa ke ba da shi, wa ke yarda da shi?

Ranar 27 ga Oktoban 2025, da Majalisar Tsarin Mulki ta Kamaru ta bayyana cewa Paul Biya ne ya lashe zaɓe da kashi 53.66 cikin ɗari, mutanen Garwa ba su jira labaran dare na CRTV ba kafin su ji abin da ke faruwa a garinsu. Issa Tchiroma Bakary, ɗan takarar da ya ce shi ya ci zaɓen, ya riga ya rubuta a Facebook cewa ana harbin mutanen da suka taru a ƙofar gidansa. Gwamnati kuma ta ce masu zanga-zanga ne ke afka wa jami'an tsaro da ofisoshinsu. A makonnin da suka biyo baya, yawan mamatan da hukumomi suka amsa da wanda 'yan adawa da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka faɗa sun yi hannun riga.

A majalisun shayi na Yelwa da Rumde Ajiya kowa ya ɗauki labarin da zuciyarsa ta kwanta da shi. Wannan ba a rana ɗaya ya samu ba. Shekara da shekaru ana gina shi, kuma kafofin watsa labarai na da hannu dumu-dumu a ginin: da abin da suka faɗa, da abin da suka yi shiru a kai, da harshen da suka faɗe shi.

Kaki uku, suna ɗaya

Da farko, wanene ma “ɗan sanda” a bakin mutumin arewacin Kamaru? A takarda hukumomin daban-daban ne. 'Yan sanda suna ƙarƙashin DGSN, wadda Martin Mbarga Nguélé ke shugabanta tun 2010, kuma kai tsaye fadar shugaban ƙasa take amsa wa. Jandarmomi sojoji ne, suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, su ne kuma suka fi yawa a ƙauyuka da kan hanyoyi. Sai rundunar BIR, wadda aka kafa a 2001 domin yaƙi da 'yan fashin hanya, daga baya ta zama kan gaba a yaƙi da Boko Haram.

Amma labarai ba sa wahalar da kansu wajen rarrabewa. Jaridar Faransanci ta ce “forces de l'ordre”, rediyon Hausa ya ce “jami'an tsaro”, shi ke nan an zuba su a kwando ɗaya. In soja ya yi ta'asa a kan iyakar Najeriya, ɗan sandan da ke ba da hannu a mahaɗar titi a Garwa ya sha harara. In BIR ta ceto mutanen da aka sace, komisariya ma ta ci albarkaci. Wake ɗaya ne ke ɓata gari, kuma a nan ba a ma tsaya an duba daga wane buhu waken ya fito ba.

Tagogin da Bahaushen Garwa ke leƙawa

Tagar farko ta gwamnati ce: CRTV, wadda ke da tasha a Garwa mai shirye-shirye cikin Fulatanci da Hausa da wasu harsunan yankin, da jaridar Cameroon Tribune. Akwai hoton da duk mai kallo ya haddace. An jera samari a ƙasa a harabar komisariya ko birigad, gabansu adduna da wayoyi da ƙullin tabar wiwi, wani lokaci bindiga ƙirar gida. Kwamishina ya yi bayani, gwamna ko wakilinsa ya jinjina wa jami'ai, aka roƙi jama'a su ci gaba da ba da haɗin kai. Minti biyu, labari ya ƙare.

Matsalar ita ce a nan ne shari'a take farawa. Dokar shari'ar laifuka ta Kamaru, wadda ta fara aiki a 2007, ta ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Ta kuma ƙayyade tsarewa a hannun 'yan sanda ko jandarma zuwa sa'o'i 48, da za a iya sabuntawa sau ɗaya, ƙari a kan haka kuwa sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara. Kyamara ba ta bin waɗannan samari zuwa kotu. Bayan mako uku aka ga ɗayansu yana yawo a unguwa. Mai yiwuwa mai gabatar da ƙara ne ya ga babu hujja, mai yiwuwa beli aka ba shi, mai yiwuwa kuma da gaske kuɗi ne ya yi aiki. Tunda babu wanda ya ba da bayani, unguwa takan zaɓi fassara ta uku. Ta haka labarin da aka shirya don a yabi 'yan sanda yake komawa hujjar zarginsu. Shi kuma wanda aka nuna bisa kuskure, fuskarsa ta gama yawo a waya, ba wanda zai dawo ya wanke shi.

Taga ta biyu jaridu ne masu zaman kansu, musamman L'Œil du Sahel ta Guibaï Gatama, wadda ta daɗe tana bin labaran jihohin arewa uku, da sace mutane da ɗauki-ba-daɗin kan iyaka, har da waɗanda hukuma ba ta so a ji. Sai dai da Faransanci take fita, kuma dillalin shanu a kasuwar Ngong ko mai sayar da goro a babbar kasuwar Garwa ba ita yake karantawa ba. Sai dai wani ɗan boko ya karanta ya fassara masa, da ƙarin gishirinsa.

Taga ta uku ita ce ta fi shafar Hausawa. Tun kakanni kunnenmu na kan rediyon ƙasashen waje: BBC Hausa tun 1957, Muryar Jamus tun 1963, Muryar Amurka da ta fara a 1979, RFI Hausa tun 2007. Sun yi suna wajen faɗin abin da rediyon gwamnati ke tsallakewa, shi ya sa aka yarda da su. Amma kaso mafi tsoka na labaransu na Najeriya ne da Nijar. Bahaushen Garwa ko Ngaundare yakan san sunan kakakin 'yan sandan Kano, Abdullahi Haruna Kiyawa, wanda ke magana da Hausa a Facebook kusan kullum, alhali bai san sunan kwamishinan unguwarsa ba. Yana jin labarin 'yan sandan wata ƙasa da harshen uwarsa, na ƙasarsa kuwa sai dai ƙishin-ƙishin. Giɓin da ya rage, saƙon murya na WhatsApp ne ke cike shi.

Abin da masu bincike suka gano

An daɗe ana nazarin wannan batu, galibi a Amurka. Tun shekarun 1970 George Gerbner ya nuna cewa masu yawan kallon tashin hankali a talabijin sukan ɗauka duniya ta fi yadda take haɗari. Tom Tyler kuma, a littafinsa na 1990, ya nuna cewa abin da ke sa mutane bin doka da ba hukuma haɗin kai ba tsoron hukunci ba ne kawai. Babban abin shi ne yadda aka yi mu'amala da su: an saurare su, an yi musu bayani, an girmama su, ba a fifita wani a kansu ba.

Binciken da ya fi dacewa da hanyar Garwa zuwa Figuil ko Gashiga shi ne na Wesley Skogan a 2006. Ya gano cewa mummunar haɗuwa da ɗan sanda tana tasiri a zuciyar mutum ninki huɗu zuwa goma sha huɗu a kan kyakkyawa. Ma'ana, direban da aka karɓe wa sefa ɗari biyar a shinge da safe, babu rahoton yabo da zai wanke masa zuciya da dare. Gani ya kori ji. Binciken jin ra'ayi na Afrobarometer ya sha sanya 'yan sanda cikin hukumomin da 'yan Kamaru suka fi zargi da cin hanci, kuma ba a jarida suka koyi zargin ba.

To in haka ne, ina tasirin labarai? Yana nan ne wajen haɗa abin da ya sami mutum ɗaya da abin da ya sami dubu. Kafin labari ya fita, kowa na ganin shi ne bai yi sa'a ba ranar. Bayan ya fita, sai ya gane ashe hali ne. A 2020, bayan bidiyon kisan George Floyd, kamfanin Gallup ya ga yardar Amurkawa da 'yan sanda ta sauka zuwa kashi 48 cikin ɗari, mafi ƙanƙanta a lokacin tun da ya fara yin tambayar a 1993. Mafi yawan waɗanda suka canja ra'ayi ba abin da ya same su. Kallo kawai suka yi.

Ga Hausawan Kamaru, wannan haɗuwa ta yau da kullum tana da wani ɗaci na musamman, wato katin ɗan ƙasa, wanda hukumar 'yan sanda ce ke bayar da shi. Mutane sun yi shekaru suna yawo da rasit maimakon kati, kuma mai suna Sani ko Garba, wanda Faransancinsa bai nuna ba, ya san tambayar da ke biyo baya a shinge: anya kai ba ɗan Najeriya ba ne? A 2025 an kawo sabon tsari da alkawarin kati cikin sa'o'i 48 a kan sefa dubu 10. Ranar ƙaddamarwa ta samu labarai masu yawa. Labarin wanda kakansa aka haifa a Garwa amma ba shi da takardar haihuwar da zai nemi katin da ita, shi ne ba kasafai ake ji ba.

Tsoro ba yarda ba ne

Dattawa ba su manta zamanin zargina ba, 'yan fashin da suka addabi hanyoyin arewa a shekarun 1990, waɗanda masanin tarihi Saïbou Issa na Jami'ar Marwa ya rubuta littafi a kansu. Da gwamnati ta turo rundunar jandarma ta musamman Marwa a ƙarshen shekarun, aka riƙa ajiye gawarwakin waɗanda aka ce zargina ne a bainar jama'a. 'Yan kasuwa da yawa sun yi murna, domin hanya ta buɗe. A lokaci guda ƙungiyar kare haƙƙi ta MDDHL, wadda Abdoulaye Math ke jagoranta a Marwa, ta yi ta kukan cewa ana kashe mutane ba shari'a, har da waɗanda ƙiyayya ce kawai ta sa aka ba da sunansu.

A nan ne ake yawan yin kuskuren karatu. Idan labarai suka cika da fashi da garkuwa, jama'a kan goyi bayan a yi amfani da ƙarfi, hukuma kuma ta ɗauka an yarda da ita. Buƙata ce, ba yarda ba. Mutum na iya tafa wa rundunar da ta kashe ɗan fashi, gobe kuma ya ɓoye ɗansa in ya ji ƙarar motarta. An ga irin wannan rabuwar a Najeriya a Oktoban 2020. Bidiyo ya tayar da zanga-zangar EndSARS a kudu har aka rusa rundunar ranar 11 ga watan, amma gwamnonin arewa suka ce su suna buƙatarta, matasan arewa da dama kuma suka ce kukansu na rashin tsaro ne. Ba don sun fi son 'yan sanda ba ne. Labaran da ke cika kunnensu na 'yan bindiga ne.

Shekarun shiru

Yaƙi da Boko Haram ya sauya aikin jarida a arewacin Kamaru baki ɗaya. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 23 ga Disamban 2014 ta ba kotun soja ikon yi wa farar hula shari'a. Masu sauraron Hausa sun san wanda ta fara ci a cikin 'yan jarida. Ahmed Abba, wakilin RFI Hausa, an kama shi a Marwa ranar 30 ga Yulin 2015, ya yi kusan wata uku ba wanda ya san inda yake. A Afrilun 2017 kotun soja ta Yawunde ta yanke masa shekara goma, bisa tuhumar da ta haɗa da ƙin tona asirin 'yan ta'adda. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin zuwa wata 24, aka sake shi a Disamban 2017, bayan ya riga ya yi fiye da haka a tsare.

Duk wani wakili a Garwa da Marwa da Kuseri ya fahimci saƙon. Kiran waya ga wani ɗan ƙauye don a tabbatar da labari na iya zama laifi. Abin da ya rage ba haɗari shi ne karanta sanarwar hukuma. Daga waje za a ce hukuma ta yi nasara, tunda mummunan labari ya ragu. Amma mutanen ƙauyukan sun san abin da ya faru, danginsu a birni ma sun sani. A Magdeme da Duble, cikin Mayo-Sava, an kwashe mutum fiye da 200 ranar 27 ga Disamban 2014. Sai a Maris na 2015 gwamnati ta amsa cewa 25 sun mutu a tsare, Amnesty International kuma ta ce aƙalla 130 ba a san inda suke ba. Shirun rediyo bai goge wannan daga zukatan mutane ba, sai dai ya koya musu cewa rediyo ba wurin jin irin wannan ba ne.

Sai kuma Zelevet. A Yulin 2018 wani bidiyo ya bazu, ana ganin masu kaki sun tasa mata biyu da yara biyu gaba, suka rufe musu ido suka harbe su. Kakakin gwamnati na lokacin ya ce labarin ƙarya ne. A Satumba sashen binciken BBC Africa Eye ya yi amfani da siffar duwatsun da ke bayan hoton, da hotunan tauraron ɗan Adam, da inuwar rana, ya nuna cewa a Zelevet ne cikin Mayo-Tsanaga, a shekarar 2015. An kama sojoji bakwai, kuma a Satumban 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu shekara goma-goma, ɗaya shekara biyu, ta sallami biyu. An yi shari'ar a asirce, don haka abin da ya kamata ya ɗan dawo da martabar hukuma, wato ganin an hukunta nata, ya wuce ba a gani ba.

Kakakin da ya ƙaryata bidiyon nan, kuma shi ne ya sanar da mutuwar mutum 25 ɗin can, ba wani ba ne illa Issa Tchiroma Bakary. Shekara bakwai bayan haka shi ne ke roƙon duniya ta yarda da bidiyon waya, gwamnatin da ya bari kuma tana cewa a yi hattara da ƙaryar intanet. Ba don a yi masa dariya muka kawo wannan ba. Duk wanda ya hau kujerar kakaki yana cin bashin yarda ne daga jama'a, kuma ba lallai shi ne zai biya ba. Wani lokaci ƙaramin ɗan sanda ne a bakin titi yake biya.

In ɓera da sata

Waya ta karya wancan shirun, amma ba alheri zalla ta kawo ba. A 2021 bidiyoyi sun yi ta yawo na direbobi da 'yan acaba suna kokawa da 'yan sanda a titunan Kamaru, har ministan cikin gida Paul Atanga Nji ya fito a Satumba ya yi gargaɗin hukunci. Wata guda bayan haka, ranar 14 ga Oktoba, a Buea da ke kudu maso yamma, wani jandarma ya harbi motar da ke kai yara makaranta, ƙaramar yarinya ta mutu, jama'a suka kashe shi nan take. Cikin sa'o'i hotunan sun iso wayoyin Garwa.

Irin wannan bidiyo yakan fara ne daga tsakiyar rigima. Ba a ganin abin da ya jawo ta, ba a ganin yadda ta ƙare. Wani ma tsoho ne, ko daga Cadi ko Najeriya aka ɗauko shi aka ɗora masa muryar Hausa ko Fulatanci, aka ce jiya ne a Pitoa. Mai turawa ba ya tambaya, don ya zo daidai da abin da ya riga ya yi imani da shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai jami'an da suka mutu a Kolofata da Fotokol suna tsaron mutanen da yanzu ke tura hoton zaginsu, kuma wannan ma gaskiya ce da ba ta yawo kamar ɗaya.

Dokar laifukan intanet ta 2010 ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu ga mai yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba. A ganinmu ba ta rage jita-jita ba. Ta fi tsorata mai suna da adireshi, wato ɗan jarida, ta bar mai saƙon murya da ba a san ko wanene ba.

Inda abin ke zama rai da mutuwa

Wani zai ce, to a yarda ko kar a yarda, me ya dame mu? Amsar tana Mayo-Rey da Tuboro da dazukan Adamawa, inda garkuwa da mutane don kuɗin fansa ta tagayyara makiyaya da manoma, har gwamnati ta tura jandarmomi na musamman Adamawa a farkon 2019. Daren da aka ɗauke mutum, iyalinsa na da zaɓi biyu: su je birigad, ko su sayar da shanu a ɓoye su biya. Abin da ke yanke musu shawara shi ne labaran da suka taɓa ji. Shin wanda ya kai rahoto, asirinsa ya rufu? Shin wanda aka kama bara yana kurkuku, ko ya dawo yana neman wanda ya tona shi? In amsar ba ta da daɗi, ko babu amsar ma sam, sai su biya. Kuɗin ya sayi sabbin bindigogi, hukuma kuma ta rasa bayanin da za ta yi aiki da shi, a rahoto na gaba a sake roƙon haɗin kan jama'a.

Abin ban takaici shi ne akwai labaran da za su iya taimakawa, ba sa isowa ne kawai. Hukumar 'yan sanda na da lambar kyauta, 1500, ta kai ƙarar jami'in da ya ci zarafin mutum ko ya nemi na goro, jandarma kuma na da 1501. Lokaci zuwa lokaci ana sanar da sunayen jami'an da aka dakatar, ko aka rage wa girma, ko aka kora. Amma sanarwar kan fito ne daga Yawunde, cikin Faransancin ofis mai nauyi, laifin a dunƙule cikin kalma ɗaya ko biyu, ba a faɗin shingen da abin ya faru ko ƙarar wa aka bi. Direban da ya kira 1500 daga hanyar Ngong ba shi da yadda zai gane cewa kiransa ne ya jawo hukuncin, abokan aikinsa a tasha kuma ba za su taɓa jin labarin da Hausa ko Fulatanci ba.